Hukuncin Mai Zille Wa Kasonsa A Gidan Haya

 Ya 'yan'uwa Musulmi, yau za mu tattauna a kan wata mas'ala da mutane suke ɗauka ƙarama, alhali kuwa tana raba zumunci, tana kuma jibga wa bawa nauyin da zai tarar a gabansa ranar hisabi.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, garuruwanmu na wannan yanki suka soma cika da baƙi. A Kazaure ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, a Ɓaɓura ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a 2021, a Roni da Gwiwa kuwa ga malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma waɗanda aiki ya kawo. Haɗa da 'yan kasuwa masu bin hanyar Kano zuwa Daura. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah a gidajen haya suke zaune, inda za ka iske magidanta biyar ko shida sun yi tarayya a mitar wuta ɗaya, da rijiya ɗaya, da masai ɗaya, da zaure ɗaya.

To, a nan ne gizo yake saƙar. Kwanan baya wani dattijo ya tare mu bayan karatu, ya ce a gidan da yake haya duk ranar da za a yi karo-karon kuɗin wuta, akwai maƙwabcinsa da yakan yi sammako ya fita, ba ya komowa sai an kwanta. In an sami ganinsa sai ya ce a bari albashi ya shigo. Albashi ya shigo, a ga sabuwar shadda a jikinsa, kason kuwa shiru. Dattijon nan shi ke cikasawa don kada a yanke musu wuta, har sai da matansu suka daina gaisawa. Tambayarsa ita ce: abin da ya cikasa sadaka ne ko bashi?

Mu ƙaddara gida mai 'yan haya shida, kuɗin wutarsu na wata naira 18,000. Kowa zai ba da 3,000. In biyu suka zille, sauran huɗun kowa sai ya ba da 4,500. Watau mai zillewa ya sa hannu a aljihun kowane maƙwabcinsa ya zari abin da bai halatta gare shi ba, sai dai bai fasa ƙofa ba. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Suratu Sad, aya ta 24, Allah Ya ba mu labarin Annabi Dawuda yana bayyana cewa da yawa daga masu tarayya sukan zalunci juna, in ban da masu imani da aiki na gari, su kuwa kaɗan ne. Farkon Suratul Muɗaffifina kuma narko ne ga mai karɓar nasa cikakke, ya tauye na mutane. Mai kunna fanka da firji dare da rana, in an zo biya ya ɓuya, ya dubi kansa da kyau a wannan madubi.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun yi bayani filla-filla. Shaihu Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, ya kawo a cikin Risala cewa in bene na wani ne ƙasa na wani, gyaran ƙasa yana kan mai ƙasa, kuma ana tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Shaihu Halilu ma a babin tarayya na Muhtasar ya tabbatar da cewa alƙali yana hukunta abokin tarayya a abin da ba ya rabuwa, ko dai ya gyara ko ya sayar da rabonsa. Har kwashe masai ba su ƙyale ba, domin waɗansu daga magabatan mazhaba sun ce a raba kuɗinsa bisa yawan kawunan masu amfani da shi. Wannan hukuncin masu mallaka ne, amma illarsa ɗaya ce da ta 'yan haya: wanda ya ci amfani shi ke ɗaukar nauyi, kuma ba a barin mutum ɗaya ya cutar da jama'a.

Saboda haka amsarmu ga dattijon nan ita ce: muddin an yi yarjejeniya a kan kaso, kuma bai biya da niyyar kyauta ba, abin da ya cikasa bashi ne a wuyan maƙwabcinsa. Shirun da ya yi don kunya bai halatta wa wancan kome ba. Hadisi ingantacce a Buhari da Muslim ya sa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi a cikin zalunci. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Roni zuwa Dutse, ya kwashe kayansa da asuba ya bar kason wata uku, ya sani tafiyar ba ta sauke masa ba. Lalle ne ya aika da kuɗin, ko ya nemi yafewa baki da baki.

Sai dai a nan akwai adalci iri biyu da ya wajaba mu tuna. Na farko, a bambanta mai ƙi da mai rashi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi wa talakawa tsanani, kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Amma shi ma ya fito fili ya faɗa, kada ya riƙa laɓe-laɓe. In ba kuɗi, akwai yashe kwata da gyaran katanga kafin damina. Na biyu, a daidaita kason da amfani. Ba daidai ba ne gwauro mai ƙwan fitila ɗaya ya biya daidai da mai sayar da ƙanƙara da firji biyu. Sau da yawa rashin wannan adalci shi ke buɗe wa shaiɗan ƙofa.

Shawararmu ga masu gidaje da 'yan haya ita ce a zauna tun ranar tarewa a faɗi abin da ke kan kowa, a rubuta, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. A zaɓi amintacce ya riƙe littafi, ya riƙa nuna rasit ga kowa. In saɓani ya taso a kai wa mai gida, in ya faskara a je ga limami ko mai unguwa, tun kafin magana ta kai gaban alƙali.

Mu tuna da Ash'arawa, mutanen Abu Musa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci a Madina sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su ya danganta kansa da su. Su sun haɗa abin da ba a wajabta musu ba. Mu kuwa abin da ya wajaba kawai ake nema a gare mu. Duk wanda ya san akwai kason da ke kansa, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa a wannan mako.

Allah Ya raba mu da hakkin mutane, Ya sa mu cika da imani. Amin.