Tashe, Ganiya da Gwaninta: Harshen Gardamar 'Yan Kallon Ƙwallo a Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san cewa wasa minti 90 ne, amma gardamar da ke biyo bayansa takan ɗauki mako guda ba ta mutu ba. Daga cikin irin waɗannan gardandami, babu wadda ta kai ta riƙe ɗan wasa ko sallamarsa zafi. Wani ya ce wane ya gama yawo, a sayar da shi. Wani ya ce ai ko kusa, idan aka rasa shi kulob ya rushe. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin nuna wa 'yan uwana ɗalibai cewa mafi yawan wannan saɓani a cikin harshe yake kwance. Masu gardamar sukan ambaci mutum ɗaya, alhali kowannensu kalma daban da lokacin aikatau daban yake amfani da su, ba tare da ya lura ba.

Wurin da Aka Yi Nazari

Na ɗauko misalaina ne daga abin da na saba ji a gidajen kallo da teburan mai shayi na Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe. Nguru ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, wanda ya iso garin a shekarar 1930, ya kuma jawo fatake da ma'aikata daga ko'ina. Gashuwa kuwa nan ne fadar Mai Bade, kuma tun 2013 take da Jami'ar Tarayya. A waɗannan garuruwa za ka tarar da Mangawa, waɗanda harshensu karin Barbarci ne, da Badawa, waɗanda harshensu ɗan uwan Hausa ne a cikin iyalin harsunan Cadi, ga Fulani ga Hausawa. Kowa yana da harshen da yake yi a gida, amma da zarar an tayar da janareto an kunna akwatin talabijin, da Hausa ake musu. Wannan ne ya sa wurin ya zama fage mai kyau ga ɗalibin harshe.

Kalmomi Uku da Ake Cakuɗawa

Matasa sun ari wata kalma daga Ingilishi, sukan ce ɗan wasa "yana fom" ko "ba ya fom". Kalmar ta shiga baki sosai, sai dai ta haɗiye ma'anoni uku waɗanda Hausa ta riga ta rarrabe.

Ta farko ita ce tashe. Mai tashe shi ne wanda ake yayinsa a yanzu, kamar yadda ake cewa wata atamfa ko wani mawaƙi yana tashe. Tashe na makonni ne ko watanni, yana zuwa yana wucewa.

Ta biyu ita ce ganiya. Wannan tana nufin shekarun da ƙarfin jiki da sanin wasa suka haɗu wuri guda. Shi ya sa ake liƙa mata mallaka, a ce "yana kan ganiyarsa", domin kowa da tasa, kuma idan ta wuce ba ta dawowa.

Ta uku ita ce gwaninta, wato sanin makamar aiki. Ba a cewa mutum "yana gwani", sai dai a kawo dirka a ce "gwani ne". Nahawun kansa ya nuna mana cewa wannan siffa ce zaunanniya, ba kamar tashe ba da ke tafiya da lokaci mai ci.

Saboda haka ɗan wasa zai iya zama gwani, ganiyarsa ta wuce, kuma ba ya tashe. Haka nan yaro ɗan shekara 19 zai iya yin tashe alhali bai kai ga ganiya ba tukuna.

Kowa da Lokacin da Yake Magana da Shi

Ga irin musayar da ake yi tsakanin saurayi da dattijon da ke zaune kusa da shi a benci:

"Baba, wallahi mutumin nan ba ya ci, ba ya gudu. Zaman me yake yi?"

"Kai yaro, yaushe aka haife ka? Shi ya ci mana kofi. Kuma irin wannan wasa mai zafi shi yakan raba gardama."

Mai karatu zai lura cewa saurayin da lokaci mai ci ya yi magana: ba ya ci, ba ya gudu. Tashe yake aunawa. Dattijon kuwa ya kawo shuɗaɗɗen lokaci (ya ci) sannan ya bi shi da lokaci sabau (yakan raba). Gwaninta yake aunawa. Kowannensu gaskiya ya faɗa, shi ya sa babu mai iya kayar da ɗan uwansa. Har karin maganar da suke jifan juna da su sun rabu gida biyu. Masu son a riƙe sukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Masu son a sallama sukan mayar da cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Babu ɗan wasan da aka fi yin wannan musu a kansa a Arewa kamar Ahmed Musa. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma zura wa Iceland biyu a ta 2018. Amma da aka gayyace shi sansanin Super Eagles a watan Maris na 2021, a lokacin ba shi da kulob tun bayan rabuwarsa da Al-Nassr ta Saudiyya, sai gidajen kallo suka dare biyu. Masu goyon bayansa duk da "ya yi" suke magana, masu suka kuma da "ba ya yi".

Darasi Daga Zari-Ruga

Akwai wani wasa da ba a cika kallonsa a wajenmu ba, amma Hausa ta raɗa masa suna mai kyau, wato zari-ruga. Harɗaɗɗiyar kalma ce daga aikatau biyu, irin su faɗi-tashi, kuma ta bayyana wasan sarai: mutum 15 a kowane ɓangare, a zari ƙwallo a hannu a ruga da ita. Na kawo shi ne domin magoya bayansa ma wannan gardamar suke yi, kuma akwai misali a cikinsa da ya fito da batunmu fili.

Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya na zari-ruga a 2019, kuma da za ta tafi Faransa kare kofin a 2023 sai ta riƙe mafi yawan tsofaffin 'yan wasanta. Kyaftin ɗinta, Siya Kolisi, an yi masa aiki a gwiwa 'yan watanni kafin gasar, duk da haka aka tafi da shi. Handré Pollard, wanda ya buga musu wasan ƙarshe a 2019, da farko an bar shi a gida saboda rauni, Manie Libbok ne ke tashe a gurbinsa. Ana tsakiyar gasa wani ɗan wasa ya ji ciwo, aka kira Pollard. A wasan kusa da na ƙarshe da Ingila aka cire Libbok tun kafin hutun rabin lokaci aka sa shi, suka yi nasara da ci 16 da 15. A wasan ƙarshe suka doke New Zealand da ci 12 da 11, kuma dukkan makin nan 12 daga ƙafar Pollard suka fito. A nan tsohuwar zuma ta yi magani.

To amma kada dattijonmu ya yi saurin murna. A ƙwallon ƙafa, Sifaniya ta ci kofin Turai a 2008, na duniya a 2010, ta sake cin na Turai a 2012. Ta tafi Burazil a 2014 da yawancin waɗannan gwanaye, Holan ta lallasa ta da ci 5 da 1, Chile ta ƙara mata 2 da nema, ta dawo gida tun a zagayen rukuni. Gwaninta tana nan, ganiya ce ta wuce. Abin da ya raba misalan biyu ke nan, kuma ita ce kalmar da masu gardama suka fi mantawa da ita.

Lokaci Mai Zuwa: Harshen Masu Kulob

Akwai murya ta uku wadda ba ta zama a benci, ita ce ta shugabannin kulob. Su da lokaci mai zuwa suke tunani: zai ci baɗi? Nawa zai ci mana a albashi? Wa zai saye shi? Tun bayan hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai yana iya tafiya ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ko sisi ba. Bugu da ƙari, dokar FIFA ta ba shi damar ƙulla yarjejeniya da wani kulob idan saura wata 6 kwantiraginsa ya ƙare. Don haka sau da yawa akan sayar da mutum yana tsakiyar tashe, don kada a tashi a tutar babu. Lionel Messi ya bar Barcelona a watan Agusta na 2021 ba don ƙafarsa ta mutu ba, sai don kulob ɗin ya kasa sabunta kwantiraginsa a ƙarƙashin dokokin kuɗi na gasar Sifaniya.

A gida Nijeriya lissafin ya ɗan bambanta, domin ƙungiyoyi irin su Yobe Desert Stars da El-Kanemi Warriors da Kano Pillars duk na gwamnatocin jihohi ne, riƙe ɗan wasa ya danganta da abin da aka ware musu. Tarihi kuma ba ya tsare kowa. Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022 kafin ta dawo a 2023.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa gardamar riƙe ɗan wasa ko sallamarsa tana tafiya ne a kan kalmomi uku da lokutan aikatau huɗu: mai suka yana kan lokaci mai ci, mai kariya yana kan shuɗaɗɗe da sabau, mai kulob kuma yana kan mai zuwa. Idan kalmar aro guda ɗaya ta ci gaba da maye gurbin tashe da ganiya da gwaninta, ƙannenmu za su taso ba su iya rarrabe abin da kakanninsu suka rarrabe ba, kuma asarar ba a fagen ƙwallo kaɗai za ta tsaya ba. Ina kira ga 'yan uwa ɗalibai, musamman 'yan Yobe da Borno, da mu shiga gidan kallo da littafi da biro idan mun je hutu. Mu rubuta kalmomi irin su satar gida, canjaras, kunnen doki, zaman benci da ta-leƙo-ta-koma, tare da shekarun mai maganar da harshensa na gida. Wanda ya tara wannan na tsawon kakar wasa guda ya sami abin rubuta kundin digirinsa. Allah ya ba mu sa'a, amin.