Kafin a raba maraƙi da uwarsa

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wajen maruƙa ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi tsayawa. Magidanci daga Auyo ko Guri ya sayar da shinkafarsa, kuɗin bai kai na bijimi ba, sai ya ce bari ya ɗauki ɗan maraƙi ya raina. Dabara ce mai kyau, amma a nan ne mutane da yawa ke tafka asara, domin araha suke dubawa.

Shanunmu masu tozo, Bunaji ko Rahaji, da wuya su saki nono in ba ɗansu a kusa. Shi ya sa ake kwance maraƙi daga dangwali ya ɗan tsotsa kafin a fara tatsa. Makiyayin da ya kawo ɗan wata biyu kasuwa ya yanke wa iyalinsa nono ke nan, kuma ruwa ba ya tsami banza: ko uwar ta mutu, ko ciwo ya shiga garke, ko matsi ya yi yawa. Dole mai saye ya tsare dillali da tambaya, ya duba cibiya ko ta kumbura, ya ɗaga wutsiya ko akwai alamar zawo.

Abin da ido ba ya gani shi ne cikin dabbar. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, kuma tumbi, babban ɗakin da ke narka ciyawa, ƙarami ne a jikin jariri. Nonon da yake tsotsa ma tsallake tumbin yake yi ya faɗa ɗakin ƙarshe. Sai ya fara taɓa dusa da harawa ƙwayoyin halitta ke yaɗuwa a ciki, bangon tumbin ya yi ƙwari. In aka yanke nono kafin haka, za a ga maraƙi da tulun ciki, gashi a tashe, yana ci ba ya girma. Wanda kuwa bai sha dakashi ba a ranar da aka haife shi ya rasa garkuwar da hanjinsa ke iya ɗauka a wannan yinin kaɗai. A ganina, wanda ba shi da saniyar tatsa a gida kada ya sayi maraƙin da bai ga yana tuƙa da idonsa ba.

Yaye kuma sannu ake yinsa. A rage tsotso zuwa sau ɗaya a yini, a ɗaure shi inda zai riƙa jin uwar, a ajiye masa harawar wake da dusa da kanwa da ruwa mai tsabta. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasar Haɗeja shi ne kaka, sa'ad da tattakar shinkafa ta wadata. Bazara mugun lokaci ne, musamman yanzu da kachalla ta mamaye makiyaya da dama tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin Haɗeja.

Fadamar kanta tana da nata haɗarin. Ƙananan katantanwa na bakin ruwa su ke ɗauke da tsutsar hanta, maraƙin da aka yaye kuma ya fi babbar saniya saurin faɗuwa. Sabon saye ya zauna a turkensa shi kaɗai mako biyu zuwa uku, malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa, ya yi masa rigakafin ciwon huhu, kafin a kora shi bakin ruwa tare da sauran.