Kyamarar Tarko a Dajin Makka: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Saya

Yawancin masu zuwa Makka aikin Hajji ko Umara ba su san da wasu namun daji a kewayenta ba, in banda biran da ke fizge wa masu hawan Dutsen Nur ledar abinci. Amma lardin Makka babba ne. Da an haura hanyar Hada aka isa Ɗa'ifa, akwai cibiyar binciken namun daji da aka kafa a 1986, inda ake kiwon damisar Larabawa da tuje da mariri. A arewa maso gabas da Ɗa'ifa kuma ga gandun Mahazat as-Said, fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000 wanda aka kewaye da waya, aka soma mayar da mariri cikinsa a 1990, sannan barewa da jimina. Waɗannan dabbobi ba sa tsayawa a ɗauke su hoto. Shi ya sa masu bincike, da masu gonaki a bayan gari, da ma masu sha'awa kawai, suke ɗaure wata 'yar kyamara a jikin itace su yi tafiyarsu, ita kuma ta riƙa ɗaukar duk abin da ya gifta, dare da rana.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1890 wani Ba'amurke, George Shiras, yake ɗana zare a bakin ruwa a jihar Mishigan, dabba ta taɓa zaren, wuta ta haska, hoto ya ɗauku. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Har yau kasuwar waɗannan kyamarori ta mafarautan Amurka ce, masu bin wata dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa a cikin daji mai inuwa da sanyi. Don su aka ƙera ta, kuma da yanayinsu aka rubuta 'yar takardar bayanin da ke cikin kwalin. Wanda ya kawo ta duwatsun Hijaz ya bi takardar nan ido rufe, zai sha haushi.

Tushen maganar shi ne, kyamarar ba motsi take gani ba. A ƙarƙashin gilashin ɗaukar hoto akwai wata baƙar taga ta roba. Bayanta akwai na'urar da ke jin ɗumi, an kuma yanka filin da ke gabanta gida-gida. Idan wani abu wanda ɗuminsa ya bambanta da na wurin ya tsallaka daga wannan gida zuwa wancan, sai na'urar ta tashi kyamarar. Ke nan sai abu biyu sun haɗu: bambancin ɗumi, da kuma giftawa. Duk wanda ya riƙe wannan, ya gano bakin zaren kusan kowace matsala.

Ɗauki ƙorafin da aka fi yi: ga sawun barewa sabo fil a gaban kyamara, ga kashinta, amma babu hoto. Ɗumin jikin barewa bai wuce digiri 36 zuwa 40 ba. A Makka kuwa zafin bazara yakan haura 45, a Hajjin 2024 ma an auna 51.8 a Masallacin Harami, dutse da rairayi kuma sun fi iska zafi nesa ba kusa ba. Akwai lokuta biyu a yini, da hantsi da kuma bayan la'asar zuwa magariba, da ɗumin ƙasa yake zuwa daidai da na fatar dabbar. A sa'annan barewa za ta wuce gaban kyamara kamar baƙar akuya cikin duhu, na'urar ba ta san an yi ba. Abin takaicin, lokutan ne kuma dabbar ta fi fitowa kiwo. Maganinsa a ɗaga ƙarfin jin na'urar zuwa matakin sama a lokacin zafi, a matso da ita kusa da hanyar dabbar, kamar taku biyar zuwa shida, kar a dogara da mita 20 ko 25 da aka rubuta a kwali. Idan mashaya ce, a kunna mata tsarin ɗaukar hoto bisa lokaci, misali kowane minti biyar, ko ta ji ɗumi ko ba ta ji ba.

Ƙorafi na biyu kishiyar na farko ne: an buɗe katin memori an tarar da hotuna dubbai, duk na fili wayam. Nan ma zafi ne. Reshen ƙaya da rana ta gasa, iska na kaɗa shi a gaban inuwa mai sanyi, a wurin na'urar ba shi da bambanci da dabba. Haka inuwar gajimare idan ta ratsa kan falalen dutse. Haka rana idan ta haske tagar kai tsaye da safe ko da yamma. Saboda haka ba a fuskantar da kyamara gabas ko yamma. Arewa ta fi a mafi yawan shekara. Sai dai a tuna, a Makka rana takan tsaya cak a kan Ka'aba wajen 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli, tsakanin waɗannan ranaku kuma ta arewa take bi. A watannin nan inuwar dutse ko ta itace ta fi kowane lissafin alƙibla amfani.

Takardar bayani za ta ce a share ciyawa, a sassare rassan da ke gaban kyamara. A nan sai an yi hattara. A cikin iyakar Harami ba a yanke itace ko ciyawar da ta tsiro da kanta, ba a farauta, ba a ma razana naman daji. Idan wurin da kuka zaɓa yana cikin iyakar, kyamarar za ku ɗage ku sauya mata wuri. Wannan hukunci kuma yana taɓa irin fitilar da za ku zaɓa. Akwai masu farar wuta, suna ba da hoton dare mai launi amma suna firgita dabba. Akwai masu jan haske kaɗan da ake iya hange, masu lamba 850, hotonsu baƙi da fari ne amma ya fi fitowa tas. Akwai masu lamba 940 da ido ba ya ganin haskensu sam, sai dai ba sa kai nisa kuma hoton yakan ɗan dushe. A ganina ta ƙarshen ta fi dacewa da nan, ko don dabbar, ko don kar haske ya nuna wa mai dogon hannu inda kayanku suke.

Wani lokaci hoto yana nan, amma wutsiya kawai aka samu, ko ƙafar baya tana ficewa. Wannan jinkirin tashi ne. Kyamara mai kyau tana ɗauka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, masu arha kan kai daƙiƙa guda ko fiye, barewa kuwa ba ta jiran kowa. Kar a saita kyamarar ta kalli hanya a gicciye sosai, kar kuma ta fuskance ta gaba da gaba, domin dabbar da ta doso kai tsaye ba ta tsallaka gidajen na'urar da wuri. A karkace ake sa ta. Tsayinta daga ƙasa ya zama daidai kafaɗar dabbar, wato kusan gwiwar mutum ko sama kaɗan. Mutane da yawa suna ɗaure ta daidai ƙirjinsu don ya fi musu sauƙi, sai barewa ta wuce ta ƙarƙashi. Kafin ku bar wurin, ku gifta gabanta da rarrafe, ku buɗe ku duba. Ba girma ya faɗi ba, ba mai ganinku a dajin.

Wajen saye, kar yawan megafiksel ya ruɗe ku. Galibin masu rubuta 30 ko 48 a kwali, ainihin na'urar ɗaukar hotonsu ƙarama ce, kumbura hoton kawai ake yi. Ku tambayi saurin tashinta, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta sake shiri don hoto na biyu, domin barewa a garke take tafiya. Ku duba iyakar zafin da aka ce tana jurewa, da alamar IP66 wadda ke nuna ƙura ba ta shiga, ruwa ma haka. Kyamarar kamfanin Reconyx tana da suna wajen ƙarko a hannun masu bincike, amma da tsada. Browning da Bushnell suna tsaka-tsaki. Mai aiko hoto ta layin waya tana da daɗi, in akwai sabis a wurin, amma a cikin kwazazzaban duwatsun Sarawat sau da yawa babu, kuma neman sabis yana cinye batir.

Batir kansa rabin matsala ne. Na gama-gari yakan yi yoyo a cikin zafi ya ci ƙarafan ciki. Mai caji yana ba da bolt 1.2 maimakon 1.5, shi ya sa wata kyamarar za ta yi aiki lafiya da rana, da dare kuma hoto ya fito baƙi ƙirin saboda fitila ba ta samu isasshiyar wuta ba. Batirin litiyam ya fi jure zafi da daɗewa. Kar a gauraya sabo da tsoho. Katin memori kuma a goge shi a cikin kyamarar kanta, ba a waya ko kwamfuta ba, kuma a duba girman da take karɓa, don tsofaffi da yawa ba sa wuce gigabait 32. A saita kwanan wata da agogo duk lokacin da aka sauya batir. Hoton da bai nuna ranar gaskiya ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Sai biri. Garken gwaggon birin da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa sun saba da mutane da kayansu. Za su lashi gilashi, su karkatar da kyamara ta koma kallon sama, su ɓalle murfi. Akwatin ƙarfe da igiyar waya mai kwaɗo ba almubazzaranci ba ne. Kada kuma a ɗaure ta a tsakiyar kwari don an ga sawu da yawa a rairayin. Ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yakan iso a matsayin ambaliya ba tare da ko ɗigo ya sauka a inda kuke ba.

Bayan duk wannan, kyamara tana iya zama lafiya lau ta dawo babu abin da ake nema. A 2014 aka samu wata damisa da guba ta kashe a Wadi Nu'uman, kusa da Makka. Daga 2020 zuwa 2022 hukumar raya Al-Ula da ƙungiyar Panthera suka ɗana kyamarori a wurare fiye da 500 a duwatsun Saudiyya suna neman irinta. Sun samu kura da kyarkeci da sauran dabbobi, ba su samu damisa ko ɗaya ba. Wannan ma sakamako ne, kuma an yarda da shi ne don an tabbatar kyamarorin suna aiki.

Kafin ku ɗaure kyamara a kowane gandu na gwamnati, ku nemi izinin hukumar kula da namun daji ta Saudiyya. A filin wani kuma ku nemi yardar mai shi. Ku nisantar da ita daga tantunan makiyaya da hanyar da iyalansu ke bi, domin ɗaukar hoton mutane ba da saninsu ba laifi ne a dokar ƙasar.