Me Ake Saya Idan An Sayi Cincila Mai Launin Safaya?

A shekarar 1963, a gidan kiwon Merle Larsen da ke jihar Indiyana ta Amurka, aka haifi cincila mai launin da ba a saba gani ba: toka mai haske da ta sirka da shuɗi, cikinta kuwa fari fat. Masu kiwo suka raɗa wa launin suna Safaya, kuma har yau yana cikin waɗanda suka fi wuyar samu a wuraren baje kolin wannan dabba. Cincila 'yar dabba ce daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, girmanta bai kai na zomo ba, amma gashinta ya yi cunkoson da ramin gashi guda kan fitar da sili hamsin ko fiye, alhali a jikin mutum sili ɗaya ne. Asalin launinta toka ne. A ganina, duk mai kiwon da ya raina wannan tokar ya bi launin da ke tsada saboda ƙarancinsa, yana rushe ginshiƙin da sana'ar ta tsaya a kai ne.

Dalilin yana cikin yadda ake gadon launin. Wasu launukan masu rinjaye ne, ƙwayar gado ɗaya daga uwa ko uba ta isa su fito. Haka farin da ya bayyana a gidan kiwon Blythe Wilson a Kalifoniya a 1955 yake. Safaya ba haka take ba, sai ɗa ya karɓi ƙwayar daga uwa da uba duka. Idan an haɗa Safaya da mai tokar da ba ta ɗauke da ƙwayar, 'ya'yan duk masu toka za su fito, launin na ɓoye a jininsu. Idan aka haɗa biyu masu ɗauke da shi a ɓoye, ɗa ɗaya cikin huɗu ake sa ran zai fito da shi. To, a duba lissafin: cincila tana ɗaukar ciki kwana 111, galibi ta haifi biyu, kuma ba kasafai take wuce haihuwa biyu a shekara ba. Ke nan mai kiwo zai iya ciyar da ma'aurata shekara guda cur ya tashi da Safaya ɗaya tak, wataƙila ma ya tashi a tutar babu. A nan ne zuciya ke raya masa gajeriyar hanya. In ya mayar da 'ya ga ubanta Safaya, rabin 'ya'yan za su fito da launin. In ya haɗa Safaya da Safaya, dukansu. Launi ya samu, amma duk wata nakasa da ke ɓoye a gidan ita ma ta sami ƙofar fitowa.

Wannan haɗari ya fi tsanani a cincila saboda tun farko jinin ba shi da faɗi. Mafi yawan waɗanda ake kiwo a duniya jikokin guda 11 ne da wani injiniyan ma'adinai, Mathias Chapman, ya kwaso daga Chile zuwa Kalifoniya a 1923, uku kacal daga cikinsu mata. Ƙuntata jinin da dama can ƙuntatacce ne tamkar rage wa mai ƙaramar riga yadi ne. Su kansu masu kiwo sun daɗe suna kokawa cewa Safaya kan fito da ƙaramin jiki da gashi mara kauri. Akwai kuma cutar karkacewar haƙori, wadda ake ganin gado na da hannu a cikinta: haƙoran cincila ba sa daina tsiro, idan suka kauce wa juna sai su soki baki, dabbar ta riƙa dalalar da miyau, ta kasa cin ciyawa, ta rame.

Masu son launuka za su ce ai su ne ke riƙe da kasuwa yanzu. Cinikin fata ya ja baya, ƙasashe da dama a Turai sun haramta kiwon dabbobi don fatarsu, kuma mai sayen dabbar gida abin da ya burge idonsa yake nema. Za su ƙara da cewa babu launin ɓoye da aka taɓa kafawa ba tare da haɗa dangi ba, tunda daga dabba ɗaya ko biyu yake farawa. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai haɗa dangi a zuriya ta farko don a tabbatar da ƙwayar daban yake da mayar da shi sana'a bayan shekara sittin. Launin Bayolet ya nuna akwai wata hanya. Shi ma ɓoyayye ne, ya fara bayyana a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, aka kawo shi gidan kiwon Lloyd Sullivan a Kalifoniya, kuma ta hanyar yawan sirka shi da manyan masu toka ya kai ga ana yaba jikinsa da gashinsa fiye da na Safaya.

Teburin alƙalai ma bai goyi bayan masu gaggawa ba. A gasannin ƙungiyoyin masu kiwo irin su Empress da MCBA a Amurka, ana jera dabbobin cikin ƙananan keji a ƙarƙashin fitilu masu hasken rana, alƙali ya duba tsabtar launi, ko akwai ja-ja da ya ɓata shuɗin, ya duba cikar wuya da faɗin kafaɗa, da yadda gashin ke tsayawa. Gashi mai kyau, ko an hura masa iska da ƙyar a hango fata. Ƙarancin launi ba ya cikin abin da ake ba maki. Matsalar ita ce yawancin cinikin yanzu ta hoto ake yinsa a intanet, inda launi ke fitowa sarai amma kaurin gashi da lafiyar haƙori ba sa fitowa. Mai saye da ya san abin da yake yi takardar asalin dabbar yake fara nema, ya ga masu toka nawa ne a cikin iyaye da kakanninta, domin dabba ce da kan kai shekara goma sha biyar ko fiye a hannun mai ita.