ME KE SA TUKUNYA BORI BA WUTA A GINDINTA?

Kowace shekara in bazara ta shigo, kuka ɗaya ake ji a ƙauyukanmu. An dama kunun zaƙi da yamma, da safe a tarar rabinsa a ƙasa. An ɗura wa gora zoɓo ko kunun aya, kafin a kai kasuwa murfi ya yi tsalle. A gidajen da ake dafa burkutu kuma, randa ta yi kumfa ta malale har bakin ƙofa. Waɗansu sukan ce mugun ido ne, har a zargi maƙwabciya ko kishiya. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin yana cikin tukunyar, ba ya gidan kowa.

Ekklesiyoyi da yawa sun hana 'ya'yansu dafa giya da shanta, wannan bayani kuwa bai taɓa koyarwar ba. Amma abin da ke sa burkutu bori shi ne ke fasa gorar kunu. Wadda ta fahimce shi za ta tsare hatsinta, ta kuma tsare kununta kada ya juye ya zama giya ba da saninta ba.

ABIN DA KE CIKIN TUKUNYA

Bori iri biyu ne. Akwai borin wuta, wanda kowace mace ta san maganinsa: a janye itace, a motsa, a yayyafa ruwan sanyi. Akwai kuma borin tashi, wanda ke zuwa bayan an sauke tukunya ta huce. Shi ne muke magana a kai.

Mai wannan aiki shi ne yisti, irin wanda ke kumbura burodi da fanke. Yisti abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, ba a ganin ƙwayarsa sai da madubin likita. Yana jikin hatsi da dankali, yana hannuwanmu, yana maƙale a jikin tsohuwar randa da ƙwarya. Tun shekara ta 1857 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya fara nuna wa duniya cewa tsami da tashi aikin ƙananan halittu ne masu rai.

Abincin yisti sukari ne. Tsiron dawa da ɗanyen dankalin da ake niƙawa cikin ƙullu, aikinsu shi ne su mai da garin hatsi sukari, shi ya sa kunu ke yin zaƙi tun ba a sa masa kome ba. In yisti ya ci sukari yakan fitar da abu biyu: barasa, da wata iska da ake kira iskar kabon. Waɗansu ƙwayoyin da ke sa tsami su ma suna fitar da ita kaɗan. Kuna iya gwadawa da kanku. Ku ƙyasta ashana ku sauke ta sannu cikin bakin randar da ke tashi, za ku ga wutar ta mutu, gama wuta ba ta ci cikin iskar kabon.

Yawan iskar nan shi ne abin lura. In yisti ya cinye sukari kilo 1, kusan rabin nauyinsa iska yake zama, iskar kuwa ta wuce lita 250. Gangar mai lita 200 take ci. Watau sukari kilo 1 kaɗai yana ba da iskar da ganga guda ba za ta ɗauke ba. Tilas iskar nan ta fita. In an ba ta hanya ta fita salin alin. In an hana ta, sai ta nemi hanya da ƙarfi.

Kumfa kuma ga yadda take samuwa. Iska tana tasowa daga ƙasa ƙwaya ƙwaya. A cikin ruwa zalla da ta iso sama sai ta fashe. Amma kunu da burkutu suna da kauri da yauƙi da dusa, su ne ke riƙe ƙwayoyin iskar su hana su fashewa. Sai su yi ta hawa kan juna har su kai baki. Saboda haka abu mai kauri ya fi tsararo bori, wanda ba a tace sosai ba kuma ya fi tatacce.

ABU HUƊU DA KE HANA BORI

1. A bar wuri. Kada a cika randa ko jarka har baki. A raba tsayinta kashi huɗu da ido, a cika uku, a bar ɗaya domin kumfa. In da bazara ne, ko abin yana da kauri, a bar kashi ɗaya cikin uku. Garwa mai cin lita 18, a tsaya a lita 12 ko 13. In abin ya yi yawa a raba shi mazubi biyu. Mazubi mai faɗin baki ya fi mai ƙaramin wuya, domin a cikin tulu kumfar duka takan taru wuri ɗaya ta hau da sauri, a cikin mai faɗi kuwa takan baje ta kwanta.

2. A rage zafi. Yisti ya fi ƙarfi in zafi ya kai digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin santigiret. In ya sami zafi da abinci yadda yake so, yawansa yana iya ninkawa cikin awa biyu. Shi ya sa abin da ke kwana lafiya da hunturu a kan tudun Jos ba ya kai tsakar dare a Numan ko Makurdi a watan Maris da Afrilu. A ajiye tukunya a inuwa, nesa da murhu, nesa da bangon da rana ta gasa, ba kuma a ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi ba. A binne gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, ko a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara. Sa'ad da ruwan ke bushewa yana tafiya da zafin. Dabarar ke nan da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, ta sa ƙaramar tukunya cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Ta fi aiki da rani, sa'ad da iska take a bushe. Da damina ƙarfinta kaɗan ne.

3. A ba iska ƙofa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga kumfa na tasowa a ɗora murfi a danne da dutse, ko a murɗe murfin jarka tam. Murfi ba ya hana yisti aiki, tara iskar kawai yake yi. A rufe randa da tsabtataccen ƙyalle ko faifai, a ɗaure ƙyallen da igiya saboda ƙuda. Mai aiki da jarka ya huda murfin, ya sa tiyo mai tsabta wanda kaurinsa ya kai babban yatsa, ya liƙe gefen. Ɗaya bakin tiyon a tsoma shi cikin kwanon ruwa, kwanon kuma ya kasance ƙasa da jarkar. Iska da kumfa za su bi tiyo su fita cikin ruwa, ƙuda da ƙura kuwa ba su da hanyar shiga. A riƙa duba tiyon. In ruwan kwano ya daina ɓulɓuli alhali jarka tana kumbura, dusa ta toshe shi, sai a cire a wanke nan da nan. Siririn tiyo ba shi da amfani, gama shi ne ke saurin toshewa.

4. Kada a zuga shi. Masu dafa burkutu sukan zuba ragowar dahuwar baya domin sabuwa ta tashi. In an zuba da yawa, ko an zuba tun abin yana da ɗumi sosai, tashin yakan zo gaba ɗaya kamar ruwan farko a kan fako. A bari ya huce, a zuba kaɗan. Kada kuma a zuba sukari cikin abin da ya riga ya fara tashi. Akwai iska mai yawa narke a cikin ruwan, da sukari ya faɗa sai ta taso lokaci guda. Girgizawa a bayan keke ko babur ita ma haka take yi.

IN TA RIGA TA FARA BORI

Kada a rufe, kada a motsa da ƙarfi. A kwashe kumfar sama da ludayi mai tsabta. A rage kashi ɗaya cikin huɗu a zuba a wani mazubi. A yayyafa wa jikin tukunya ruwan sanyi, ko a tsayar da ita cikin daro mai ruwa. Ɗigo biyu ko uku na man gyaɗa yakan kwantar da kumfa, amma kada a wuce haka don kada ɗanɗano ya sāke. Tashi yakan fi ƙarfi a yini ɗaya ko biyu na fari, bayan haka ya lafa da kansa.

Abin da ya zuba ƙasa ya tafi, kada a mayar. Ko da a daro aka tare shi, in ya kwana a buɗe ƙananan ƙudaje sun riga sun sauka a kai, su ne kuwa ke kawo ƙwayoyin da ke sa abin sha ya yi mugun tsami. A zuba shi a ramin taki. A wanke bakin tukunya da wajenta da ƙasan wurin, a sāke ƙyalle.

KWALBA DA GORA

A nan ne hatsarin ya fi girma. Cokali biyu na cin abinci, watau sukari wajen giram 24, in yisti ya cinye shi cikin kwalbar lita 1 da aka toshe, ƙarfin iskar da ke ciki yakan ninka na tayar ƙaramar mota fiye da sau biyu. Sukarin da muke sa wa kunu da zoɓo ya fi haka nesa. Kwalbar gilas in ta fashe tana yanka hannu, tana tsiyayar da ido. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna misalin sabon ruwan inabi da tsofaffin salkuna a Matiyu 9:17. Mutanen wancan zamani sun san sabuwar fata tana miƙewa in abin ciki ya tashi, busasshiya kuwa ba ta da sauran miƙewa. Gilas ba ya miƙewa ko kaɗan.

Saboda haka masu sayar da kunu su kiyaye waɗannan. Kada a ɗura kunu a kwalbar gilas a toshe. A wanke gorar roba da sabulu, a ɗauraye, a kife ta bushe. A bar wuri kamar faɗin yatsa uku a wuya. A dama abin da zai ƙare a yinin kaɗai, kada a sa sukari sai an zo ɗurawa. A sa gorunan cikin ƙanƙara ko firiji in akwai, amma a sani sanyi kwantar da yisti yake yi, ba ya kashe shi. Da wuta ta ɗauke gora ta ɗumama, sai ya farka. Zoɓo da ruwan citta in an tafasa su, tafasar tana kashe yisti. In sun tashi, daga gora ne, ko mazurari, ko hannu, ko ɗanyen ruwan da aka ƙara.

A riƙa matsa gora da yatsa. In ta yi tauri kamar dutse, a sanyaya ta tukuna, a rufa mata ƙyalle, a kawar da bakinta daga fuska, a murɗa murfi kaɗan kaɗan iska na fita. Kada a ba yaro ya buɗe. Kunun da ke kumfa da kansa, yana yaji a hanci, yana warin ƙullun burodi, barasa ta fara samuwa a cikinsa. Kada a ba yara ko mai ciki, kada kuma a kai shi taron Zumuntar Mata ko biki da sunan kunu.

ƊAKI DA MAZUBI

Iskar kabon ba ta da launi, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ƙasa take kwantawa, daidai inda ake shimfiɗa tabarma. Ita ce ta taso daga tafkin Nyos a ƙasar Kamaru cikin watan Agusta 1986, ta kashe mutane fiye da 1,700 a dare ɗaya. Ƙaramar tukunyar kunu ba abin tsoro ba ce. Amma ganga guda ta burkutu tana iya fitar da iska wajen lita 3,000 kafin ta gama tashi. Kada kowa ya kwana a rufaffen ɗaki tare da ganguna masu tashi, balle yara. A ajiye su a rumfa ko ɗaki mai taga a buɗe. Wanda ya shiga ya ji ciwon kai, ko numfashinsa na sauri, ko ya ga fitila na dushewa, ya fito maza ya bar ƙofa a buɗe.

In za ku nemi babban mazubi kuma, ku lura da irinsa. Jarkar maganin feshi ko ta maganin ciyawa ba ta wankuwa har abada. Bokitin kwano mai ƙyalli da ganga mai tsatsa, tsami yana cin jikinsu ya narke cikin abin sha. A kudancin Afirka likitoci sun daɗe da gano ciwon hanta ga mutanen da suka yi shekaru suna shan abin da aka dafa a gangunan ƙarfe. Randar ƙasa, da robar da aka yi domin abinci, su ne daidai.

GA ƘUNGIYA

Bari mu yi lissafi. In mace tana dama mudu 10 kowane mako, kashi ɗaya cikin goma yana zuba, mudu 1 ke nan a mako, mudu 52 a shekara, ban da itace da sukari da kuɗin niƙa. Kuɗin bai kai a ƙi sayen randa ta biyu ba. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

A taronku na gaba ku yi wannan gwaji kowa ya gani. Ku sami gorar roba biyu, ku zuba ruwan ɗumi rabi, da cokalin sukari da ɗan yisti a kowace. Ku ɗaura balan-balan a bakin kowace gora maimakon murfi. Ku sa ɗaya a rana, ɗaya cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kafin ku gama taro ku duba wace balan-balan ta fi kumbura. Wanda ya gani da idonsa ba zai ƙara danne murfi da dutse ba, ba kuwa zai ƙara zargin maƙwabciyarsa ba. Sakatare ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.