Wuƙar da ke buɗe kanta: me ake saya da dala 300?

Akwai wuƙar aljihu wadda ba a jan ruwanta da farce. Maɓalli ake dannawa, sifirin da ke ɓoye cikin mariƙin ya cillo ruwan waje, ya kulle, ka ji ƙas. A Amurka ta zama kayan marmari, har akwai kamfanonin da ita ce abincinsu. Ta Kershaw mai suna Launch takan ɗan haura dala 100. Na Pro-Tech sun fi yawa tsakanin 200 da 300, Ultratech ta Microtech tana kewayen 300, Infidel ta Benchmade kuwa ta fi su duka tsada. Mai shirin zuba irin wannan kuɗi a kan abin yanka igiya da farke kwali ya kamata ya san me yake saya.

Kafin a zo kan ƙarfe, sai an wuce ta gaban doka. George Schrade, wanda ya yi rajistar fasaharsa ta wuƙa mai maɓalli a 1892, kayan aiki ya ƙera, don wanda hannunsa ɗaya ke riƙe da wani abu. Sunanta ya ɓaci ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Amurka suka riƙa komawa gida da siraran wuƙaƙen Italiya masu tsini, jaridu da finafinai kuma suka maƙala ta a hannun 'yan daba. A 1958 majalisar Amurka ta hana fataucinta daga jiha zuwa jiha, Birtaniya ta haramta sayar da ita a 1959, dokarta ta 2019 kuma ta hana ajiye ta ko a cikin gida. A Amurka kowace jiha da nata hukuncin. Kotun ƙolin Oregon ta soke haramcin mallakarta a 1984, a can Benchmade da Kershaw suke ƙera nasu. Kalifoniya ba ta yarda a yi yawo da wadda ruwanta ya kai inci 2 ba, shi ya sa Pro-Tech, da yake ɗan jihar ne, yake yin 'yar guntuwa mai suna Runt wadda ta gaza inci 2 da ƙiris. Wuƙar da za ta kai mutum gaban alƙali ba ta aikin yau da kullum ba ce, komai kyanta.

Iri biyu ne, kuma a nan zaɓin yake. Ta farko ruwanta ta gefe yake fitowa, kamar kowace wuƙa mai naɗewa, sai dai sifirin da aka naɗe a gindin ruwan ne ke yin aikin yatsa. Kayan cikinta kaɗan ne. Idan ta buɗe ta kulle gam, ba motsi. Aibinta biyu: da hannu ake mayar da ita, kuma mai ƙarfin sifirin, irin TR-3 ta Pro-Tech, tana iya fizgewa daga hannun wanda ya riƙe ta sako-sako.

Ta biyu ruwanta ta baki yake fitowa a miƙe. Ultratech da Infidel irin wannan ne: a tura maɓalli gaba ruwa ya fito, a ja shi baya ya shige. Ita ce mai ɗaukar ido, ita ce kuma mai laulayi. Ruwan a cikin wata 'yar hanya yake zamewa, kuma dole maƙerin ya bar masa sarari, in ba haka ba ya cije. Don haka ko sabuwa fil ce, in ka kama tsinin da yatsu biyu ka girgiza, za ka ji yana ɗan kaɗawa. Ba lalacewa ba ce, haka aka gina ta. Sannan bakinta a buɗe yake cikin aljihu, ɓurɓushin zare da ƙura suna shiga, su haɗu da mai su zama danƙo. Wata rana ka tura maɓalli, ruwan ya fito rabi ya tsaya, yana lilo. Haka ma in ya ci karo da wani abu kafin ya gama fita: sai ya saki sifirin, sai an kama shi a hankali an ja har ya kulle. Masu ita sun saba da hure ta da iska mai ƙarfi, da ɗiga mata mai mara kauri, ɗigo ɗaya tak. Mai aikin gini ko gona, ko wanda ke zaune inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, zai gaji da wannan reno. A ganina ta gefe ita ce ta aiki. Ta baki ta mai sha'awa ce, kuma sha'awa ba laifi ba ce in mutum ya san ita ya saya.

Siffar ruwan ma tana yaudara. Mai kaifi biyu ta fi kyau a hoto, amma ba inda za ka ɗora babban yatsa in kana fere ko kana danna yanka, ga shi wurare da dama suna yi mata doka ta daban. Kaifi ɗaya mai ɗan ciki, tsawon inci 3 ko kusa da haka, ya ishi kusan duk abin da ake yi da wuƙar aljihu.

A kan ƙarfe ake cika baki, har ya wuce kima. M390 na kamfanin Böhler na Ostiriya yana daɗewa bai dakushe ba, yana kuma jure tsatsa, amma ranar da ya dakushe dutsen wasa na gida zai sha wuya a kansa, sai mai ƙurar lu'ulu'u. D2 yana riƙe kaifi, sai dai in aka bar shi da gumi ko ruwan lemo yakan yi tabo. 154CM tsohon yayi ne, ba ya kai M390 daɗewa, amma wasa shi ba wahala. MagnaCut, wanda Larrin Thomas ya tsara aka fitar a 2021, ya haɗa juriyar tsatsa da rashin saurin ɓantarewa, shi ya sa kamfanoni suka yi masa caa. Wanda bai iya wasa wuƙa ba, gara ya rage kuɗin ƙarfe ya sayi dutse mai kyau ya koya.

Jabu kuma ya cika kasuwar intanet, musamman na Microtech. Wadda aka ce maka Ultratech ce a kan dala 40, ai farashin ma ya tona mata asiri.

Saura batun gyara, wanda mai saye daga wajen Amurka ya fi kowa bukatar tunaninsa. Sifirin yana gajiya, yana karyewa. Wasu kamfanonin suna ɗaure mariƙin da noti mai kai na daban don kada a kwance, wasu kuma sukan janye garanti in ka buɗe da kanka. Benchmade yana wasa wuƙaƙensa kyauta har tsawon rayuwar wuƙar, amma sai an aika musu, kuma wuƙa irin wannan in ta ratsa iyakar ƙasa a akwatin gidan waya, kwastan na iya riƙe ta a tafiya ko a dawowa. Ta gefe, in sifirinta ya karye, yawanci ana iya ci gaba da buɗe ta da hannu kafin a samo wani. Ta baki kuwa ta tashi aiki ke nan, sai ranar da sabon sifirin ya iso.