IYALAI BIYAR A KAN TAN ƊARI

Tsibiran Kanariya suna cikin tekun Atlantika, kusan kilomita 100 daga gaɓar Maroko. Ispaniya ta gama cin su da yaƙi a 1496. Mutanen da ta tarar can, waɗanda ake kira Gwance, dangin Amazig ne na Afirka ta Arewa, kuma rubutun da aka samu bisa duwatsun tsibiran ɗan uwan tifinar ne na Abzinawanmu. Sannu a hankali suka gauraya da baƙin da suka zo daga Turai.

To, mi ya kai jikokinsu ƙetaren teku, zuwa ƙasar da ake kira Jamhuriyar Dominikan a yau?

Asalin maganar wata ɓarna ce da Ispaniya ta yi wa kanta. A 1605 da 1606, gwamna Osorio ya tada garuruwan arewa da na yammacin tsibirin Santo Domingo da ƙarfi, don hana mazaunansu fasa-ƙwauri da jiragen abokan gaba. Da wurin ya zama kufai, sai Faransawa suka shigo, suka kafa mulkin da ya zama Hayiti daga baya. Ispaniya ba ta da isassun soji da za su tsare sauran ƙasar. Sai ta nemi manoma.

A 1678 sarki ya yi doka: in ƴan kasuwar Kanariya suna son izinin kai haja Amurka, dole a kan kowane tan 100 su ɗauki iyalai biyar. Masana tarihi suna kiran wannan doka "harajin jini". Gaskiya ne talauci da faɗuwar kasuwar giyar inabi sun sa da yawa suka tafi da son ransu, amma sunan ya dace: an lissafa mutane tare da kaya.

Ayarin da ya sauka wajen 1684 ya kafa San Karlos, bayan ganuwar babban birni. Cuta ta kashe da dama daga cikinsu tun ba su ci amfanin gona ba. Waɗanda suka biyo baya aka watsa su inda ake tsoron Faransa za ta kutsa: Hinca a 1704, Montekiristi a 1751, Samana a 1756, Sabana de la Mar a 1760. A Bani ma, da aka kafa a 1764, zuriyarsu tana da yawa. Ana ba iyali fili da iri da ƴan dabbobi, a bar shi da Allah.

Abin mamaki, shingen da aka dasa don tare Faransawa shi ya koma ciyar da su. Gonakin rake na Faransawa, inda dubban bayi ƴan Afirka suke aiki, suna bukatar nama da shanun aiki. Mutanen Hinca makiyaya ne, kasuwa kuma tana bakin ƙofarsu. Suka riƙa kora garke zuwa ƙetaren iyaka, wani da izini, wani da dare, har wasunsu suka yi arziki suka sayi bayi su ma.

A 1795 Ispaniya ta sa hannu ta bar wa Faransa rabonta na tsibirin gaba ɗaya, ba tare da ta tambayi jikokin waɗanda ta kai gadi ba. Unguwar San Karlos tana nan cikin birnin Santo Domingo. Hinca kuwa tana cikin ƙasar Hayiti.